Birkin da ya tafi ya dawo da kansa: yadda aikin Hiace ɗinmu ke tafiya

Talata, 3 ga Satumba 2024

Na ajiye bas ɗin a gareji yau, kuma na faɗa wa direba ba za ta sake ɗaukar ɗan kowa ba sai an gane abun da ke damun birkinta. Hiace ce mai fetur, wadda ake ce wa Hummer, giyar hannu, gaba faifai baya duram, lodin Jos zuwa Abuja take yi.

Shekaranjiya yana saukowa Hawan Kibo da cikakken lodi ga buhunan dankali a baya, sai ya taka birki yaji ƙafarsa ta lume kusan har ƙasa, motar kuma ko a jikinta. Allah ya kiyaye, ya dinga famfo da ƙafa, ya mayar da ita giya uku sannan biyu, ya ja hambirki a hankali har ya samu ya rakuɓe gefe. Fasinja suka sauka ana ta salati. Yace tayar gaba tana wari har da ɗan hayaƙi. Bayan sun zauna kamar rabin awa ya koma ya taka, birki ya dawo garau, tauri kamar ba shi ba. Ya duba man birki bai ragu ba, ya leƙa ƙarƙashi babu yoyo, shikenan ya kwashi mutanensa ya ƙarasa Abuja, jiya ya dawo yake ce min "Alhaji ai ta warke da kanta."

To wannan warkewar ita ta hana ni barci. Ƙarfe ba ya warkewa da kansa, in birki ya tafi ya dawo ba wanda ya sa masa sifana, to abun da ya ɗauke shi yana nan yana jiran gangara ta gaba.

Laraba, 4 ga Satumba

Mun ɗan ja da Oga bakanike. Shi a ganinsa iska ce ta shiga layi, a yi bilidin, wato a cire iskar, a ƙara mai a ba yaro mota ya tafi neman abinci. Nace Oga, in iska ce ina ta je bayan rabin awa? Iskar da ta shiga fayif ai ba ta fita don mota ta huce, da sanyi da zafi taushin nan za ka ji a ƙafa, tun daga tasha direba zai san da ita. Yace to masta ce, famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa tayoyi, ta fara mutuwa. Muka tada mota a tsaye na danne birki na riƙe ya fi minti ɗaya, bai sauka ko kaɗan ba, da robar masta ce ta ci da ƙafar ta dinga nutsewa a hankali. Yoyo kuma babu, mun bi fayif da tiyo duka da tocila, bayan duram ma a bushe yake.

Akwai wani tafiyar birkin da shi ma zafi ke kawowa, wanda fad ko lainin, masu matse faifai da duram, ke ƙonewa fuskarsu ta yi santsi, amma shi alamarsa daban, feda na nan da taurinta, kana dannawa da iya ƙarfinka mota taƙi tsayawa. Na sake kiran direba na tambaye shi da kyau, tauri kaji ko taushi? Yace wallahi Alhaji babu komai a ƙarƙashin ƙafata, sai can ƙasa naji ya ɗan kama.

Abun da ya rage kenan shi ne man birkin ya tafasa. Turawa na ce masa vapour lock. Birkin irin waɗannan motocin gaba ɗaya ya dogara ne kan cewa mai ba ya matsuwa, ka tura shi daga masta dole ya tura fiston a taya. Tururi kuwa yana matsuwa, in kumfarsa ta samu wuri a cikin kalifa, gidan fiston da ke matse fad a kan faifai, duk takun da kayi a matse kumfar yake ƙarewa, fad bai ma san kana yi ba. In wurin ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, kowa yace Alhamdulillah a wuce wurin. Wancan ɗan kamawar da yaji can ƙasa kuma layin baya ne, don masta gida biyu gare ta, in na gaba ya tafi na baya na nan amma sai feda ta yi nisa kuma ba zai iya da mota mai lodi a gangara shi kaɗai ba.

Oga dai bai gamsu ba, yace shekara nawa yana aikin nan bai taɓa ganin man birki na tafasa ba. Nace ai ba za ka gani ba Oga, kafin mota ta iso wajenka ta huce.

Asabar, 7 ga Satumba

Na aro abin gwajin man birki wajen wani abokina mai gyaran motocin zamani, ɗan abu ne kamar biro mai ƙarfe biyu a baki da fitilu a jiki, daga kore zuwa ja, yana nuna kashi nawa cikin ɗari na ruwa ke cikin man. Ba wai ma'aunin ƙwarai bane, wutar da ke ratsa man yake aunawa ya yi kirdado, amma ya fi duba da ido nesa ba kusa ba.

Muka tsoma a tankin sama, wanda ke gefen dashbod ta ƙofar direba, ya nuna kashi 2. Oga ya kalle ni yana murmushi, yace ka gani ko Alhaji, mai lafiya lau. Nace a buɗe nifil, ɗan noti na fitar da iska a jikin kalifar gaba, a tsiyayo min na ƙasa a murfin kwalba. Jama'a abun da ya fito baƙi ne wuluk har da ɗan gari gari a ciki, muna tsoma biron fitilu suka kama duka har ja ta ƙarshe, kashi 4, iyakar abun da yake iya nunawa kenan. Dalili kuwa man birki ba ya zagayawa irin na inji, wanda ke cikin kalifa yana nan a wurin shekara da shekaru yana shan zafi, na sama kuma shi ake ta yi wa ciko. Tun da na sayi motar nan ciko ake yi, kuma na tabbata wanda na saya a hannunsa ma haka.

Ga lissafin da ya sa abun ke da haɗari. DOT ɗin nan da ake rubutawa a jikin gwangwani ma'auni ne na ma'aikatar sufurin Amurka. DOT 3 sabo fil dole ya kai digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 260. Amma ma'aunin ya ba da lamba ta biyu, ta man da ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, a nan DOT 3 ya sauko 140, DOT 4 155, DOT 5.1 180. Wato ɗan ruwan da bai kai kashi 4 ba ya zabge wa DOT 3 digiri 65. Namu da ya cika biron, Allah kaɗai ya san inda ya sauko.

Oga yace to ta ina ruwan ya shiga, shi dai ba ya zuba wa motar kowa ruwa. Ba sai an zuba ba. Sinadarin da ake yin man da shi, gilaikol, jan danshi yake daga iska da kansa, ta ɗan hujin numfashin murfin tanki, ta jikin tiyon roba, ta robobin fiston, kaɗan kaɗan har ya taru. Shi yasa yawancin masu ƙera motoci ke cewa a juye shi duk shekara biyu ko mota ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Mu kuma a nan Jos damina ta kai wata shida ga hazo da sassafe. Ban da maganar masu haɗa ruwan omo su ɗura in mai ya ƙare musu a daji, duk wanda ya daɗe a harkar mota ya san ana yi, wasu kuma in sun iso gari ba sa juyewa, sai su ɗora mai a kai. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, a tsayin Jos ma wajen 96.

Talata, 10 ga Satumba

Yau na je da sirinji babba daga kemis, don akwai abun da direba ya faɗa da ya tsaya min a rai. Yace lokacin da yake riƙe da birki tun daga saman gangara yana kamawa lafiya, sai da ya ɗaga ƙafa a wani ɗan miƙe ya sake takawa kafin kwana, a nan ne ya nema ya rasa.

Na karɓi ruwan zafi wajen mai shayin bakin gareji, na bari ya ɗan huce yadda yatsa zai iya jurewa, na zuƙi kaɗan a sirinji na fitar da iskar tas, na toshe bakin da yatsa nace yaron gareji ya danna. Ya danna har jijiyar hannunsa ta tashi, ko motsi. Sai nace to yanzu ja baya da ƙarfi. Yana ja ruwan ya hau ɓararraka a cikin sirinjin, kumfa manya na tasowa daga ƙasa, ruwan da ba ya kan wuta. Ya saki, sandar ta koma tas da ƙara, kumfar ta ɓace ba ko ɗaya. Sai da yaran suka karɓa kowa ya gwada.

Ma'anar ita ce tafasa ba zafi kaɗai take bi ba, har da matsi. Duk bakanike ya san wannan a lagireto, mota ta yi zafi ruwa na kwance shiru, kana kwance murfi ya yi tsiri ya wanke maka fuska. Ƙafar direba a kan birki ita ce murfin. Muddin yana danne da shi matsin cikin layi ya hana man tafasa duk da ya wuce zafin tafasarsa, yana ɗagawa matsin ya faɗi, man cikin kalifa ya ɓararrako, tururin ya kora mai sama zuwa tanki. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura ninki wajen 1,700, ɗigo ɗaya ya fi abun da masta ke turawa a taku guda.

Oga ya juya sirinjin a hannu ya daɗe, sannan yace to na yarda Alhaji, amma motoci nawa ke sauka Kibo kullum da tsohon mai irin wannan, me yasa taka ce ta tafasa? Akwai abun da ke ƙara mata wuta. Wannan tambayar tasa ta fi duk lissafina amfani.

Alhamis, 12 ga Satumba

Kuma ya samo shi. Aka ɗaga gaba a jak, ya juya tayar hagu da hannu ta yi ta juyawa, ya je ta dama ya juya, ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya tana shuu. Aka cire taya. Faifan dama ya yi wani shuɗi shuɗi a gefe, alamar ya sha wuta ba sau ɗaya ba. Kalifar nan tana zamewa ne a kan fin guda biyu, na sama lafiya, na ƙasa ya kafe sai da aka sa guduma da fanci, ya fito jawur da tsatsa, robar da ke rufe shi ta yage tuntuni ruwan damina na shiga. Fad na ciki bai kai milimita 2 ba, na waje kuma da sauransa sosai, a karkace suka ci. Robar ƙurar fiston ta ƙone ta yi tauri tana karyewa a hannu, fiston ɗin kansa duk ƙananan ramukan tsatsa.

Kenan tayar nan birki take ja ko direba bai taka ba, tun daga Bukuru take ɗumama, kafin a wuce Riyom ta riga ta yi zafi, gangara kuma ta zo ta ƙarasa. Fad da ya cinye shi ma da laifinsa, naman fad ne ke tare zafin faifai kar ya wuce, in ya sirance zafin na bi ta ƙarfen bayansa ya shiga fiston kai tsaye, bayan fiston kuma mai ne.

Da aka yi bilidin kawai yadda aka so tun farko, da feda ta yi tauri kowa ya ji daɗi, fin ɗin nan na nan a kafe.

Na roƙi Oga abu biyu. Kar yara su wanke kayan cikin kalifa da fetur ko kananzir yadda aka saba, robobin birki ba sa shiri da duk wani man da ya fito daga ɗanyen mai, kumbura suke su lalace, da man birki sabo za a wanke. Na biyu kar a shafa wa fin giris ɗin boris, shi ma yana kumbura roba, na silikon za a nemo. Ya ɗan ɓata rai yace yau kuma ni za a koya wa aiki, amma ya aiki yaro.

Asabar, 14 ga Satumba

Kasuwa. Mun samu kalifa ta Beljiyam mai kyau, fiston ɗinta sumul, na sayi kit ɗin robobi sabo duk da haka, da fad saiti ɗaya na gaba, da faifai biyu, don ba a canza gefe guda a bar guda sai mota ta dinga fizga in an taka. Tiyon gaba na dama ya tsattsage a jiki, shi ma na saya biyu.

Wajen mai ne aka so a rikita ni. Murfin motar DOT 3 aka rubuta, na nemi DOT 4 tunda dangi ɗaya ne suna haɗuwa kuma ya fi jure zafi. Wani yace in ƙara kuɗi in ɗauki DOT 5 ai lambarsa ta fi girma. A'a. DOT 5 silikon ne, launinsa ma shunayya, ba ya gauraya da sauran, kuma tunda ba ya shan ruwa duk ruwan da ya shiga taruwa yake wuri ɗaya a ƙasa ya tafasa a 100 abinsa. DOT 5.1 shi ne ɗan gidan su 3 da 4, sunan ne kawai ke ruɗa mutane. Na ɗauki ƙananan gwangwanaye masu hatimi a baki, na ƙi na awo da ake tsiyayowa daga galan, galan ɗin da ake buɗewa kullum tun farkon damina ai ya sha nasa ruwan tun a shago.

Litinin hutun Mauludi ne, sai Talata.

Talata, 17 ga Satumba

An ɗaura kaya, an juye mai. Da sirinjin nan muka fara zuƙe na tanki har ƙasa, aka goge dattin da ya kwanta, aka cika da sabo. Muka sa siririn tiyo mai gani har hanji a bakin nifil, ɗaya bakin a cikin gorar ruwa da ɗan mai a ƙasanta don kar iska ta koma. Daga taya mafi nisa da masta aka fara, baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Yaro na ciki, Oga na ƙasa yana kira, famfo, riƙe, saki, ni kuma aikina tsaron tanki kar ya sauka ƙasa da layi, in ya zuƙi iska aiki ya koma farko. Oga ya sa guntun katako a ƙarƙashin feda, yace tsohuwar masta in aka kai ta har ƙasa robarta na bi ta wurin da ba ta saba zuwa ba inda tsatsa ta kwanta, sai ta yage, a zo gyaran abu ɗaya a tafi da biyu. Wannan dabarar tasa ce, ban san ta ba.

Kallon tiyon nan da daɗi wallahi. Baƙi ya fara fitowa, sai ruwan ƙasa, sai ya dinga washewa har ya koma garau kamar na cikin gwangwani, kuma ba mu tsaya don kumfa ta daina ba, sai da launi ya canza a kowace taya. Bambancin cire iska da juye mai kenan. Akwai wani bawul a ƙasa wajen aksul na baya, mai rage wa birkin baya ƙarfi in mota ba lodi, shi ma da nifil ɗinsa, yaran suka ce ba su taɓa buɗe shi a motar kowa ba, na cikinsa ya fi na ko'ina baƙi. Mai ya tafi lita ɗaya da ɗan wani abu. Wanda ya ɗiga a fenti muka wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Biron gwaji a kalifar dama: kore. Taya na juyawa da yatsa ɗaya.

Asabar, 21 ga Satumba

Saura ɓangaren da sifana ba ta gyarawa. Na zaunar da direba muka sha shayi, na tambaye shi tsakani da Allah da wace giya yake sauka Kibo. Ya sosa ƙeya yace Alhaji kasan yadda kuɗin fetur ya koma, farkon watan nan ma ya sake tashi, in ban yi firi na cire giya a gangara ba balas ɗin da nake kawo maka ba zai fito ba. Ban yi masa faɗa ba, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kusan kowa a hanyar nan firi yake yi, wasu har kashe inji suke, wanda shi kam ganganci ne tsantsa don servo, abun da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi a birki, da injin yake aiki.

Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan takardar lodi. Jos na kan tsayin mita 1,200 da wani abu, Akwanga ba ta kai rabin haka ba. Mu ɗauka mota da fasinja da kaya tan 3, ta sauko mita 500. Ƙarfin da ke cikin wannan saukowar ya kai kusan jul miliyan 15, zafin da zai tafasa ruwa kusan lita 6 har ya ƙafe ƙurmus. Iska da gurzar taya na ɗauke wani kaso, sauran dole wani abu ya shanye shi. In mota na cikin giya inji ne ke shan babban rabo ya fitar ta lagireto da salansa, in tana firi duka a kan faifai da duram zai sauka, mafi yawa kuma a gaba. Ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa shi ya fi muni, faifai ba ya samun sararin shan iska. Gara a taka da ɗan ƙarfi gudu ya ragu sosai, a saki gaba ɗaya, giya ta riƙe, in ta sake ɗaukar gudu a kuma takawa.

Abun da ya fi ba shi mamaki maganar man fetur ce. Injin motar nan mai nozul ne da kwamfuta, ba kafireto bane. In tana cikin giya tana gangarawa ƙafa ba ta kan totur, kwamfutar yanke fetur take yi don tayoyi ne ke juya injin, in kuwa firi ce dole ta ba shi mai ya yi silo kar ya mutu. Kukan da yake ji a giya uku ba mai take sha ba. Yace Alhaji wannan sai na gani a gejin tanki. Nace ka gani ɗin, kuma na rage masa wani abu a balas na wata ɗaya don kar ya ce ni na ja masa.

Na kuma ce masa ko da Allah ya sa ya sake jin feda ta yi taushi a hanya, abun da yayi ranar daidai ne, famfo, rage giya ɗaya bayan ɗaya, hambirki a hankali yatsa na kan maɓalli, kar ya kashe inji. Amma in ya tsaya kar a watsa wa faifai ruwa, yana lanƙwashewa ko ya tsage, kuma kar ya ci gaba da fasinja don birki ya dawo, ya kira ni.

Asabar, 28 ga Satumba

Kwanakin nan cikin gari aka yi ta yawo da ita ba lodi don sabon fad ya zauna a kan faifai. Yau muka loda buhunan yashi kimanin nauyin fasinja muka sauka da ita, ni da Oga da direba, giya uku, wuraren da suka fi tsayi biyu. Na aro na'urar auna zafi mai jan haske. A ƙasa muka tsaya na haska faifai, dama da hagu tazararsu ba ta kai digiri 10 ba, jikin kalifa kuma duk biyun ƙasa da 100. Feda yadda take a sama haka take a ƙasa. Oga ya sa a maimaita gwajin da ya fi muhimmanci, a riƙe birki a saki a ƙirga biyar a sake takawa, tauri.

Tirela biyu muka wuce a gefe suna huce duram, hayaƙi na tashi. Su birkin iska gare su, ba su da man da zai tafasa, nasu lainin ne ke ƙonewa duram ya buɗe, ciwo daban amma gangarar ɗaya ce.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ta koma lodi tun Litinin. Na rubuta Satumba 2024 da maka a jikin murfin tanki, na kuma sa a littafin mota cewa kafin daminar 2026 a juye, duk sabis kuma a ɗaga gaba a juya tayoyi da hannu a duba fin. Ragowar gwangwanin da aka buɗe na bar wa gareji, ba zan ajiye shi a mota ya shekara ana ciko da shi ba.

Tiyon baya har yanzu tsoho ne, wanda aka kawo bai yi daidai ba an mayar, sai Laraba, in an sa shi dole a sake bilidin layin baya da bawul ɗin nan. Kafin in mayar da biron gwaji na tsoma shi a Sharon ɗin ƙanina da ke lodin Lafiya, daga tanki ma ja ya nuna ba sai an je kalifa ba. Yace zai kawo ta in ya samu sarari, na kira Oga a gabansa nace ya ajiye masa wuri ranar Litinin da safe.